Sun ce tauraruwata ba ta da rai: me ke sa mai kallo ya yarda da mutumin cikin labari?

Alƙalamin_Dare:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa marubuta da masu sana'ar fim. Na kawo muku wata matsala da ta tsayar mini da aiki tsawon mako uku. Na kammala rubutun fim mai shafi 104, na bai wa mutum huɗu da na yarda da idonsu suka karanta, sai uku daga cikinsu suka dawo mini da magana kusan iri ɗaya, wai labarin yana tafiya amma tauraruwar ba ta da rai. Sunanta Rabi, akanta ce a wani kamfani, kuma ta gano cewa shugabanta, wanda shi ne ya ɗauki nauyin karatunta tun bayan rasuwar mahaifinta, yana wawure kuɗin fanshon ma'aikata. Kafin in fara rubutun sai da na cika shafi 12 da tarihinta, tun daga ranar haihuwarta da makarantun da ta yi, har launin da ta fi so da yadda take sa hannu a takarda. Na ɗauka duk wanda ya san tauraronsa haka ya gama rabin aiki. Ina roƙon ku nuna mini inda na kuskure, domin ni a zuciyata Rabi tana da rai, amma a takarda an ce babu.

MalamNazari:
Wa alaikumus salam. Kafin in ce komai, ina so ka faɗa mana abu biyu: a shafi na nawa Rabi ta gano satar, kuma a shafi na nawa ta yanke shawarar abin da za ta yi?

Alƙalamin_Dare:
Ta gano a shafi na 31, Malam, ta kai rahoto a shafi na 33. Daga nan har ƙarshe wahalar da ta sha ce: an kore ta daga aiki, an yi mata ƙazafi, danginta sun juya mata baya, sannan gaskiya ta yi halinta.

MalamNazari:
To, ciwon yana tsakanin waɗannan shafuka biyun. A ƙa'idar da masu rubutun fim ke aiki da ita, shafi ɗaya kimanin minti ɗaya ne a allo, ka ga ke nan Rabi ta ɗauki minti biyu kacal wajen yanke hukunci a kan mutumin da ya zame mata uba, sannan ta shafe fiye da awa ɗaya abubuwa suna faɗo mata ba tare da ita ta sake zaɓar komai ba. Tun ƙarni na 4 kafin miladiyya Aristotul na Girka ya bayyana, a nazarinsa na wasan kwaikwayo, cewa hali shi ne abin da ke nuna zaɓin mutum, wato abin da ya ɗauka da abin da ya ƙi, kuma maganar da babu zaɓi a cikinta ba ta nuna hali. Idan aka sa mutum tsakanin alheri da sharri ya ɗauki alheri nan take, abin da muka sani game da shi kaɗan ne, domin kowa haka zai so a ce ya yi. Amma kai ka riga ka gina mata gaba kura baya sayaki: a gefe ɗaya halacci ga wanda ya raine ta, a ɗaya gefen amanar tsofaffin da suka ƙarar da ƙarfinsu a kamfanin. Dukansu biyu abin kirki ne, kuma duk wanda ta riƙe sai ta ci amanar ɗayan. Wannan shi ne fim ɗinka, ɗan'uwa, kuma ka tsallake shi a shafi biyu.

Uwar_Labari:
Na yarda da Malam a kan zaɓi, amma ba na so Alƙalamin_Dare ya tashi daga nan da tunanin cewa shafi 12 ɗin nan asara ce. Lajos Egri, wanda littafinsa kan rubutun wasa ya fito a 1946, ya dage cewa marubuci ya san tauraronsa ta fuska uku: jikinsa, da matsayinsa a cikin al'umma, da abin da ke cikin ransa, domin daga waɗannan ne dalilin aikinsa ke fitowa. Kuskuren yana cikin irin tambayoyin da ka yi wa Rabi. Launin da ta fi so ba zai taɓa tura ta ta yi wani abu ba. Ka tambaye ta yadda take ji duk lokacin da shugaban ya gabatar da ita ga baƙi yana cewa shi ne ya yi ta. Tana jin daɗi, ko kuwa akwai wani ƙulli da take haɗiyewa shekara da shekaru? Idan akwai ƙullin, to, ranar da ta gano satar wani ɓangare na zuciyarta zai ji sanyi, domin bashin da ya danne ta ya sami hanyar saukewa, kuma za ta ji kunyar wannan sanyin. Ni na shafe shekara biyu ina fama da wani tauraro a littafina na biyu, bai motsa ba sai ranar da na daina tambayar abin da yake so, na tambayi abin da ba zai taɓa yarda wani ya sani game da shi ba.

Ɗan_Kallo_22:
Ni ba marubuci ba ne, mai kallo ne kawai, amma ina ganin maganin mai sauƙi ne. Ka ba ta wani aibi, misali saurin fushi ko rowa, domin mutumin da ba shi da laifi ko ɗaya yana gundurar mu.

Mai_Gyaran_Rubutu:
Malam Ɗan_Kallo_22, gundurar da ka faɗa gaskiya ce, amma maganin da ka kawo shi ne abin da na fi cirewa daga rubutun da ake kawo mini gyara. Marubuci zai ji an ce tauraro yana buƙatar aibi, sai ya manna masa saurin fushi a fitowa biyu, ya fasa kofi, ya daka wa direba tsawa, sannan labarin ya ci gaba kamar ba a yi ba. Aibin da bai jawo wa mai shi asara a cikin labarin ba ado ne kawai. Wanda ke aiki shi ne wanda ya fito daga tushe ɗaya da nagartar mutumin, ta yadda ba za ka iya cire ɗaya ka bar ɗaya ba. A wajen Rabi, ina ba da shawarar a duba sa hannun nan nata da marubucin ya ce har ya siffanta. Akanta ce, to wa ya riƙa sa hannu a takardun da aka fitar da kuɗin? Idan ita ce ta yi shekara uku tana sa hannu a duk abin da shugaban ya miƙo mata ba tare da ta duba ba, saboda yarda da biyayya, to biyayyar da kowa ke yaba mata ita ce ta buɗe ƙofar satar, kuma rahoton da za ta kai zai fara cin ta kafin ya ci shi. Aristotul ɗin da Malam ya ambata ma ya fi son tauraron da bai kai matuƙa a nagarta ba kuma ba mugu ba ne, wanda faɗuwarsa ta zo ta hanyar wani kuskure nasa.

Alƙalamin_Dare:
Wannan maganar ta sa hannu ta girgiza ni, domin a rubutuna na sa wani ma'aikaci daban ne yake sa hannun, kuma yanzu na gane cewa na yi haka ne don in kare ta.

JarumarDandali:
Bari in kawo abin da muke gani mu da ake miƙa wa rubutun mu hau kansa. Abin da ya fi wahalar da ɗan wasa shi ne ya buɗe fitowa ya ga an rubuta cewa tauraruwa tana cikin baƙin ciki, ko tana cikin ruɗani. Baƙin ciki ba aiki ba ne, ba ni da abin da zan yi da shi sai in ɓata fuska in matso hawaye, kuma mai kallo yana gane hawayen da aka matso. Konstantin Stanislaski, wanda ya kafa gidan wasan kwaikwayo na fasaha a Mosko tare da abokin aikinsa a 1898, ya koyar da 'yan wasa su nemi abin da tauraro ke son cimmawa a kowane yanki na wasa, su kuma tambayi kansu: da a ce ni ce a wannan hali, me zan yi? Saboda haka idan Rabi ta shiga ofishin shugaban washegarin ranar da ta gano, ina so in san abin da ta shigo nema. Ta zo ne ta ba shi dama ya musanta? Ta zo ne ta gwada ko ya san ta sani? Ko ta zo ne ta roƙe shi, ba tare da ta furta ba, ya ba ta wani bayani da za ta iya yarda da shi ko da ƙarya ne? Kowanne daga cikin ukun nan zai canza yadda zan zauna a kujera da yadda zan karɓi fayil daga hannunsa, alhali kalmomin da ke bakina ba su wuce gaisuwa da maganar aiki ba. Ina kuma roƙon marubuta su rage sa mu muna faɗin abin da ke ranmu filla-filla. Mutumin da abu ya ci wa rai da gaske yakan yi magana a kan wani abu daban.

Mai_Tace_Hoto:
Ina goyon bayan 'yar'uwa Jaruma daga ɗakin tace hoto. Kimanin shekara 100 da suka wuce mai shirya fim Lef Kuleshof ya yi wani gwaji a Rasha, wanda ɗalibinsa Pudofkin ya ba da labarinsa. An ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa da ba ta nuna komai, aka haɗa ta da kwanon miya, sannan da gawar mace a akwati, sannan da yarinya tana wasa da abin wasanta. Masu kallo suka yaba yadda ya nuna tunani mai zurfi a na farko, da alhini a na biyu, da fara'a a na uku, alhali fuskar guda ɗaya ce ba ta canza ba. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a fim mai kallo ne ke rubuta labarin a kan fuskar, gwargwadon abin da aka nuna masa kafinta da bayanta. Idan ka nuna mana tsohon ma'aikaci yana jiran kuɗinsa a bakin ofis, sannan ka nuna Rabi ta wuce shi tana kallon ƙasa da fayil a ƙirjinta, ba ka buƙatar layi ko ɗaya.

Marubucin_Zube:
Duk wannan na masu kyamara ne. Mu da ke rubutun zube muna da damar shiga cikin zuciyar tauraro mu zauna, kuma ba na so matasan marubuta da ke karanta wannan muhawara su ɗauka cewa bayyana tunani laifi ne a ko'ina. Abin da na lura da shi dai shi ne, ko a littafi, tunanin da ya fi kama mai karatu shi ne wanda ya saɓa da abin da tauraron ke aikatawa, kamar ya riƙa faɗa wa kansa cewa gobe zai yi magana, gobe ta zo ya sake ɗagawa.

Jikan_Mai_Tatsuniya:
Ina da ja a kan inda maganar nan ta dosa. Kowa yana ta cewa sai an zurfafa, sai an ba da tarihi, sai tauraro ya canza. To Gizo fa? Babu wanda ya san ranar haihuwarsa ko abin da ya same shi yana yaro, bai taɓa tuba ya tsaya a kan tubansa ba, a kowace tatsuniya wayo da haɗama ne ke jan sa, amma babu wani tauraro da ya kai shi rai a zukatanmu. Da an ce ga Gizo, yaro ma ya san za a yi dabara, kuma jiran dabarar shi ne daɗin. Hali zanen dutse ne, kuma ina ganin wani lokaci wannan dagewa a kan sai mutum ya sauya a ƙarshen fim ita ce ke haifar da tuban ƙarya da muke gani, inda mugu ke rushewa da kuka a minti biyar na ƙarshe ba tare da wani dalili ba.

MalamNazari:
Jikan_Mai_Tatsuniya ya taɓo wuri mai muhimmanci, kuma manazarta ba su bar shi ba. A 1927 marubucin Ingila E. M. Forster ya raba taurari gida biyu: mai fuska ɗaya, wanda za a iya taƙaita shi a jumla guda, da mai fuskoki da yawa. Ma'aunin da ya bayar na nau'i na biyu shi ne ya iya ba ka mamaki ta hanyar da za ta gamsar da kai. Idan bai taɓa ba da mamaki ba mai fuska ɗaya ne, idan kuma ya ba da mamakin amma bai gamsar ba, to mai fuska ɗaya ne da ke shigar burtu. Tuban minti biyar ɗin da ka ambata yana cikin wannan rukuni na ƙarshe. Kuma Forster bai raina masu fuska ɗaya ba, ya nuna amfaninsu, domin ana gane su da zarar sun shigo kuma ba a mantawa da su. Shekara guda bayan haka, a 1928, Baladimir Prop ya nazarci tatsuniyoyin Rasha guda 100 ya fitar da ayyuka 31 da ke maimaituwa da kuma matsayi 7 da taurari ke hawa, abin da ke nuna cewa a tatsuniya aikin da tauraro ke yi ya fi ko shi wane ne muhimmanci. Sai dai Gizo yana rayuwa ne a labarin da aka gina kan dabara, Rabi kuwa tana cikin labarin da aka gina kan lamiri, kuma ba a auna su da ma'auni ɗaya. Ban ce dole ta canza ba. Tana iya ƙarewa a kan gaskiyar da ta fara da ita, muddin mun ga abin da tsayuwar ta ci mata.

Hajiya_Mai_Alƙalami:
Ɗana Alƙalamin_Dare, har yanzu babu wanda ya tambaye ka game da shugaban, kuma ina zargin cewa rabin rashin ran Rabi daga wurinsa yake. Idan ka rubuta shi a matsayin azzalumi mai zare ido tun fitowarsa ta farko, to babu abin da zai sa ta yi jinkiri, kuma mai kallo zai ga wautarta da ta daɗe tare da shi. Ka zauna ka rubuta shafi biyu da bakinsa, yana ba da labarin abin da ya faru kamar yadda shi ya gan shi. Ina tabbatar maka ba zai kira kansa ɓarawo ba. Zai ce aro ya yi don ya ceto kamfanin a shekarar da ya kusa durƙushewa, zai ce da bai yi haka ba da mutum ɗari sun rasa aiki, zai ce yana da niyyar mayarwa. Laifi tudu ne, kowa yakan taka nasa ya hango na wani. Abin da ya fi muhimmanci kuma, ka bar shi ya ƙaunaci Rabi da gaske, ƙaunar uba ga 'ya, ba ta dabara ba. Ranar da zai ce mata ya san ba za ta taɓa tona masa asiri ba, ya faɗe ta da yarda, kada ya faɗe ta da barazana, domin yardar ta fi barazana nauyi a wuyanta.

Furodusa_A:
Na karanta duka, kuma a matsayina na wanda ke neman kuɗin da za a yi fim da shi ina da fargaba. Idan aka bi shawarar Mai_Gyaran_Rubutu da ta Hajiya, za mu sami tauraruwar da hannunta ke cikin laifin, wadda ta yi minti arba'in tana jan ƙafa alhali tsofaffi na cikin wahala, da kuma mugun da ake tausaya wa. Wa mai kallo zai bi ke nan? Na taɓa sa kuɗi a wani aiki da aka zurfafa taurarinsa har aka rasa wanda za a so, masu nazari suka yaba, masu kallo suka watse tun kafin a kai rabi.

Uwar_Labari:
Fargabarka tana da tushe, Alhaji, amma ina ganin ana haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, wato son tauraro da damuwa da abin da zai same shi. Mai kallo yana iya jin haushin jinkirin Rabi kuma ya kasa tashi, matuƙar ya fahimci abin da ya ɗaure ta. Abin da ke korar mutane shi ne jinkirin da babu motsi a cikinsa. Idan a cikin minti arba'in ɗin tana ƙoƙarin mayar da kuɗin a ɓoye, tana biyan wani tsoho daga albashinta, tana neman hanyar da za ta ceci kowa ba tare da ta rasa kowa ba, kuma kowace hanya tana toshewa ɗaya bayan ɗaya, to wannan ba jan ƙafa ba ne.

Ɗan_Kallo_22:
Na karɓi gyaran da aka yi mini a sama. Amma ina tare da Furodusa_A a abu ɗaya: idan ta yi ƙarya don ta rufa masa asiri, ko sau ɗaya ne, ni dai zan daina ganin ta a matsayin jaruma.

JarumarDandali:
Ni kuwa wannan ƙaryar guda ɗaya ita ce fitowar da zan fi so in yi a duk fim ɗin, musamman idan tsohon da ta yi wa ita ya gode mata ya tafi.

Alƙalamin_Dare:
Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya da dare na mayar da sa hannun ya zama nata, na kuma rubuta shafi biyun da Hajiya ta ce, kuma abin da ya fito daga bakin shugaban ya sa dole in sake fitowa tara da ya bayyana a ciki. Rahoton ya tashi daga shafi na 33 ya koma wajen shafi na 80. Na kuma gwada rufe sunaye na karanta hirarrakin da ƙarfi, sai na tarar Rabi da ƙawarta da mahaifiyarta duk da murya ɗaya suke magana, wato muryata, saboda haka akwai wani aikin a gaba. Inda na tsaya yanzu shi ne maganar ƙaryar. Na rubuta fitowar ta hanya biyu: a ɗaya ta ce wa tsohon jinkirin daga banki ne, a ɗayar kuma ta yi shiru ta ce ya dawo mako mai zuwa. Ban san wadda zan bari ba.

Mai_Gyaran_Rubutu:
Ka bar ta farko, amma ka tabbata tsohon ya dawo daga baya ya maimaita mata maganar bankin a gaban shugaban.

Hajiya_Mai_Alƙalami:
Ni da shirun zan tafi, ɗana, domin Rabin da ka siffanta mana mace ce da ta gina kanta a kan cewa ba ta ƙarya, kuma irin wannan mutum yakan nemi hanyar ɓoye gaskiya ba tare da harshensa ya furta ƙarya ba, sannan ya riƙa lallashin kansa da cewa ai bai faɗi komai ba. Ka turo mana fitowar ta hanyoyin biyu mu karanta, tare da wadda ta gabace ta, domin ina so in ga abin da shugaban ya ce mata da safen ranar kafin tsohon ya shigo.